Daga Masaƙar Fowa Zuwa Majemar Kano: Yaushe Sayarwa Waje Ke Ƙara Albarkar Aiki?

A shekarar 2009, duk wayar iPhone da aka loda daga China zuwa Amurka, kwastan na rubuta ta a matsayin kayan China na kusan dala 179. Wasu masana biyu na cibiyar binciken Bankin Raya Asiya da ke Tokiyo, Yuqing Xing da Neal Detert, suka bi kayan cikin wayar ɗaya bayan ɗaya har zuwa inda aka ƙera kowanne. Masu tsadar daga Japan da Jamus da Koriya ta Kudu suka fito, wasu ma daga Amurkar kanta. Abin da ya shiga aljihun China ladan harhaɗawa ne kawai: dala 6.5 a kan kowace waya, wato ƙasa da kashi 4 cikin 100. A littafin kwastan wannan waya ita kaɗai ta jawo wa Amurka giɓin ciniki na dala biliyan 1.9 tsakaninta da China a shekarar. In kuwa gumin China zalla za a lissafa, bai wuce dala miliyan 73.5 ba.

Wannan shi ake nufi da sarƙar ƙara daraja ta duniya: kaya ɗaya, amma aikinsa a rarrabe tsakanin ƙasashe, wannan ta zana, waccan ta ƙera wani ɓangare, wata ta haɗa, wata ta liƙa suna ta sayar. Rahoton Bankin Duniya na 2020 ya ƙiyasta cewa kusan rabin cinikin duniya ta irin wannan hanya yake bi. Shi ya sa adadin kayan da ƙasa ta fitar ya daina gamsar da masu bincike. Tambayar da suke yi yanzu ita ce: a cikin abin da aka fitar, nawa ne aikin gida?

Don amsa ta ne ƙungiyar OECD, ta haɗin kan tattalin arziki da galibin mambobinta ƙasashe masu arziki ne, da Hukumar Ciniki ta Duniya suka fito da sabon rumbun alƙaluma a 2013. Ana ɗauko jadawalin kowace ƙasa da ke nuna wace sana'a ke sayen kaya daga wace sana'a, a ɗinke su da alƙaluman kwastan, sai a iya bin sawun dala ɗaya daga kanti har zuwa gona ko rijiyar mai. Ma'auni biyu ke fitowa. Na farko, yawan kayan waje da ke cikin abin da ƙasa ke fitarwa, kamar Biyetnam da ke sayo sassan waya ta haɗa. Na biyu, yawan kayan ƙasa da ke shiga cikin abin da wasu ƙasashe ke ƙerawa su fitar. Najeriya da ɗanyen mai, da Nijar da yuraniyom, a na biyun suke da ƙarfi, kuma wannan ƙarfin ba abin tinƙaho ba ne, don ma'anarsa su ne tushen ɗanyen kaya, sarrafawar a wani wuri ake yi.

Lissafin yana da raunin da ya kamata mai karatu ya sani. Yana ɗauka duk kamfanonin da ke sana'a ɗaya daidai suke wajen amfani da kayan waje, alhali mai fitarwa waje ya fi mai sayarwa a gida sayo kayan haɗi daga ƙetare nesa ba kusa ba. Kuma abin da bai bi ta gaban kwastan ba, ba ya cikin jadawalin. Fatun da ke shigowa Kano daga Maraɗi da Damagaram da Chadi da arewacin Kamaru, kaso mai yawa ba a rubuce yake ba.

Wa ya riga wani?

Abin da ya fi ɗaukar hankalin masana shi ne albarkar aiki, wato yawan abin da ake samu da ma'aikata da injuna da kayan haɗi iri ɗaya. Masaƙa biyu, zare ɗaya, awa ɗaya, amma ɗaya ya fitar da abin da ya fi na ɗayan yawa ko daraja: wannan bambancin ake nufi. Duk inda aka auna, an tarar kamfanonin da ke sayarwa waje sun fi girma, sun fi biyan albashi, sun fi albarkar aiki. Rahoton Bankin Duniyar nan ma ya ce ƙarin kashi 1 cikin 100 na shiga sarƙar duniya na tafiya da ƙarin sama da kashi 1 na kuɗin shigar kowane mutum, alhali cinikin da aka saba bai wuce kashi 0.2 ba.

Sai dai ganin abu biyu tare ba ya nuna wanda ya haifi wani. Fitar da kaya tana da tsada tun kafin a sayar da ko ƙwaya ɗaya: neman mai saye, aika samfur, takardun shaida, haƙurin jiran kuɗi. Wanda ya riga ya ƙware ne kawai ke iya ɗaukar wannan nauyi. Binciken da aka yi a ƙarshen shekarun 1990 kan masana'antun Amurka, da kuma na Kolombiya da Meziko da Maroko, ya karkata ga cewa ƙwarewar ce ke zuwa tukuna, fitarwar ta biyo baya. A kan haka masanin tattalin arziki Marc Melitz ya gina fitaccen nazarinsa na 2003: buɗe ƙofar ciniki na ɗaga albarkar aikin ƙasa baki ɗaya ne saboda ƙwararrun kamfanoni na faɗaɗa, raunana na rufewa, ma'aikata da jari su koma inda aka fi iya aiki. A wannan fahimtar, babu wanda ya koyi komai; rabon kasuwa ne ya sauya hannu.

In haka ne ƙarshen zancen, to tura ƙananan masu sana'a kasuwar waje ɓata kuɗi ne. Abin da ya sa gwajin da aka yi a Masar ya yi nauyi ke nan.

Fowa gari ne a bakin kogin Nilu, a lardin Kafr el-Sheikh, wanda ya shahara da saƙar darduma ta hannu. Yawancin masaƙun ƙanana ne, mai gida da yaro ɗaya ko biyu. David Atkin da Amit Khandelwal da Adam Osman, tare da wata ƙungiyar tallafa wa masu sana'ar hannu da wani kamfanin dillanci na garin mai suna Hamis Carpets, suka nemo masu saye daga ƙasashe masu arziki. Neman nan kaɗai ya ci sama da shekara guda kafin oda ta fara zuwa ba yankewa, kuma wannan ma darasi ne. Da odar ta samu, aka jefa ƙuri'a tsakanin masaƙu 219. Guda 74 aka yi wa tayin odar farko, murabba'in mita 110, aikin kusan mako 11. Sauran suka ci gaba da saƙa wa kasuwar gida. Tunda ƙuri'a ce ta raba su, ba wanda zai ce gwanaye aka tsinto.

Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna ribar waɗanda aka yi wa tayin ta ƙaru da kashi 16 zuwa 26 cikin 100. Amma yawan dardumar da suke saƙawa a awa ɗaya raguwa ya yi. Mai auna albarkar aiki da tsawon saƙa kawai zai ce ci baya aka samu. Abin da ya faru shi ne mai sayen waje ba ya karɓar darduma mai karkataccen kusurwa, ko wadda ba ta kwanta sumul a ƙasa, ko wadda faɗinta ya kauce wa awon da aka rubuta, ko wadda ba a buga zarenta ya matsu ba. Kiyaye waɗannan na cin lokaci, kuma kuɗin kowace mita ya fi.

Duk da haka tambaya ɗaya ta rage: sun koyi sabon abu ne, ko dama sun iya, kasuwar gida ce ba ta biyan wahalar? Sai aka kira su duka, waɗanda suka yi odar waje da waɗanda ba su yi ba, aka ba kowa zare ɗaya da masaƙa ɗaya, aka ce ya saƙa dardumar gida iri ɗaya a kan lada ɗaya. Na masu odar waje suka fi inganci, ba tare da sun ɗauki lokaci fiye da sauran ba. Ilimin ya shiga hannu ke nan. Kuma an ga ta inda ya shiga: dillalin ne ke kawo ƙorafin mai saye, ya zauna da masaƙi a kan kuskuren, ya nuna masa yadda ake ɗaure zaren tsaye da yadda ake riƙe gefe, kuma abubuwan da aka tattauna a kansu su ne suka fi gyaruwa.

A Kosta Rika an samu makamancin haka ta wata hanya. Masu bincike sun bi bayanan haraji na cinikin kamfani da kamfani, suka ga kamfanonin gida da suka fara sayar wa manyan kamfanonin ƙetare da ke ƙasar, bayan shekara huɗu ma'aikatansu sun ƙaru da kashi 26, albarkar aikinsu da kashi 4 zuwa 9. Ba sai kaya sun tsallaka teku ba. Abin da ake bukata shi ne mai saye mai tsantseni wanda zai dawo gobe, kuma zai faɗi abin da bai yi masa ba.

Ƙofar shigowa

Akwai ɓangaren da masu tsara manufa suka fi ƙin ji: mai son fitar da kaya sai ya shigo da kaya. Mary Amiti da Jozef Konings sun duba masana'antun Indonesiya daga 1991 zuwa 2001, suka tarar rage harajin kayan haɗi da maki 10 cikin 100 ya ƙara wa kamfanonin da ke shigo da su albarkar aiki da kashi 12, aƙalla ninki biyu na abin da rage harajin gamammen kaya ya haifar. A Indiya bayan sassauta dokokin ciniki a 1991, an danganta kashi 31 cikin 100 na sababbin kayan da kamfanonin gida suka fara ƙerawa ga sauƙin samun kayan haɗi daga waje, musamman irin waɗanda da can ba a samunsu a ƙasar sam.

Lissafin mai sauƙi ne. A ƙaddara takalmi na sayuwa dala 100 a kasuwar duniya, kayan haɗin da ake sayowa waje na dala 60, aikin gida na dala 40. In aka ɗora harajin kashi 20 a kan kayan haɗin, dala 12 ke nan. Mai sayen waje ba zai ƙara ko sisi ba, don yana da wasu masu kawo masa. Dala 12 ɗin daga cikin 40 ɗin gida za ta fita, kashi 30 cikin 100 na ladan ma'aikaci da ribar mai masana'anta. Harajin da aka ce don kare masana'antar gida ne, shi ke shaƙe wanda ke ƙoƙarin fitarwa.

Lokaci ma haraji ne. David Hummels da Georg Schaur sun ƙiyasta cewa kowace rana da kaya suka ƙara a hanya daidai take da harajin kashi 0.6 zuwa 2.1 cikin 100 na darajarsu, kuma sassan da wata masana'anta ke jira sun fi jin jinkirin. Mai masana'anta a Kano sau biyu yake biyan wannan: sinadarai su sauka Legas su hauro kusan kilomita dubu, kaya su gama su sake gangarawa.

Fatar akuya, mataki-mataki

Fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi tsohuwar 'yar kasuwar duniya ce. Ayarin raƙuma ya daɗe yana kai ta arewacin Afirka, Turawa na saye daga can suna kiranta fatar Maroko. Yau majemun zamani na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano ke sarrafa ta, ta tafi Italiya da Sifaniya da China da Indiya. A garin Solofra na kudancin Italiya, sarrafa fatun awaki da tumaki shi ne babbar sana'a. Daga irin waɗannan wurare fatar ke zama jaka da takalmi da safar hannu masu ɗauke da sunan da ke ninka farashi. Stan Shih na kamfanin ƙera kwamfuta na Acer ya kwatanta rabon riba a irin wannan sarƙa da bakin mai murmushi: gefen zane da ƙirƙira a sama, gefen suna da kanti a sama, tsakiyar da ake zuba gumi a ƙasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma kafin a yi kukan ribar da ke tafiya Turai, a duba wadda ke zubewa a gida. Darajar fata tana fara raguwa tun dabba na raye: cizon kaska, ƙazuwa, kirci, karcen ƙaya, da lalas ɗin da ake yi a tsakiyar jiki inda fatar ta fi tsada. Sai fiɗa. Wuƙa mai tsini na huda fata ko ta zaftare ta daga ciki. Gwanin mahauci dunƙulen hannu yake sawa ya saɓule ta, wuƙa sai inda ya zama dole. A Babbar Sallah fatu ke yin yawa, amma a lokacin ne kuma aka fi ɓata su, saboda fiɗar gida ce a hannun wanda bai saba ba. Bayan fiɗa, a zafin arewa sa'o'i kaɗan ke tsakanin fata da ruɓa. Tana bukatar a kankare kitse da nama, a zuba gishiri mai tsabta da ya kai kashi 40 cikin 100 na nauyinta ko sama. In aka ja gashi ya biyo hannu, ƙwayoyin cuta sun riga sun ci fuskar fatar, ba kuma sinadarin da zai dawo da ita. Wadda aka shanya a ƙasa cikin rana kuwa, bayanta ke bushewa cikinta na dahuwa.

A majema ana jiƙa ta, a cire gashi da farar ƙasa da sinadarin salfaid, a wanke, a tausasa, a tsuma ta cikin gishiri da asid, sannan a jeme da sinadarin kurom, kimanin kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na nauyinta. Ta fito shuɗi-shuɗi a jiƙe. Gwajin cewa jimar ta kama shi ne a jefa yanki cikin tafasasshen ruwa bai tsuke ba. Daga nan a fere ta zuwa kaurin da mai saye ya rubuta, a sake jima, a rina, a shayar da ita mai, a busar, sannan a gyara fuskarta. Galibin waɗannan sinadarai da rinin da kayan gyaran injin daga waje suke zuwa, kuma da dala ake sayensu. Kuskure a nan na da tsada: in man da aka sa bai dace ba, ko zafi ya yi yawa a ajiya, kurom ɗin na iya rikiɗewa zuwa nau'in da ke cutar da jiki. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki da ke ɗauke da miligiram 3 ko sama na wannan nau'in a kowane kilo. Kwantena guda na iya dawowa a kan wannan kaɗai.

Babbar matsalar ita ce yawancin aibin fata ba ya bayyana sai bayan an cire gashi an jeme. A lokacin ta riga ta bi hannu uku ko huɗu, daga mahauci zuwa mai tarawa a kasuwar ƙauye, zuwa dila, zuwa ƙofar kamfani, kuma a dunƙule aka saye ta, mai kyau da maras kyau farashinsu kusan ɗaya. Majemi ya san kashi nawa na kayansa suka faɗi zuwa ƙaramar daraja, sai ya rage abin da yake biya a kan kowace fata don ya fanshe. Mahaucin da ya yi fiɗa a tsanake bai ga ladan tsanakinsa ba, wanda ya huda bai ji a aljihunsa ba. Abin da ya gyara dardumar Fowa, wato ƙorafin mai saye ya isa kunnen wanda ya yi kuskuren, tare da bambancin farashi, shi ne ba ya komawa baya a sarƙar fata. Yana tsayawa a ƙofar majema.

Najeriya ta hana fitar da ɗanyun fatu da ƙiraga, har da waɗanda aka jeme ba a kammala ba, don a tilasta sarrafawa a gida. Habasha ta bi hanya makamanciya a 2008 da harajin kashi 150 cikin 100 a kan ɗanyun fatu, daga baya ta faɗaɗa shi zuwa waɗanda ba a kammala jimarsu ba. Niyyar tana da kyau, kuma takan jawo jari zuwa majemu. Amma tana da farashin da ba a cika faɗa ba. Rufe wa ɗanyar fata ƙofar waje na rage masu saye, farashinta ya faɗi, kuma makiyayi da mahauci ke ɗaukar asarar, su ɗin da ake roƙo su kula da inganci. Ƙirgin saniya ma tuni masu ganda suka fi majema iya biya. Doka na iya hana kaya fita, amma ba ta kawo mai saye mai tsantseni, ba ta kawo wutar da gangunan jima za su yi ta juyawa ba tsayawa, ba ta kuma tsabtace ruwan kurom ɗin da ke gangarawa kogin Challawa, wanda manyan masu saye ke tambaya a kansa kafin su sa hannu.

Habasha ta ƙara nuna wani abu. Kamfanin takalma na China, Huajian, ya buɗe masana'anta kusa da Adis Ababa a 2012, yana ɗinka wa kantunan Amurka, saboda AGOA, tsarin Amurka na rangwamen ciniki ga ƙasashen Afirka, ya yafe wa kayan Habasha haraji. A farkon 2022 Amurka ta cire ƙasar daga tsarin saboda yaƙin Tigray, masana'antun da suka dogara da wannan kasuwa guda suka shiga sallamar ma'aikata. Odar da rangwamen haraji kaɗai ya kawo, da shi take tafiya.

A sarƙar fata, wurin da gyara ya fi arha shi ne tsakanin kwata da majema. In dila ya buga wa kowane ɗaurin fatu alamar kasuwa da mai tarawar da ya kawo, majemi zai iya ware sakamakon bayan jima: ɗaurin wane kashi kaza lamba ɗaya, kashi kaza huda, kashi kaza ruɓa. A zagayowar kasuwa sai a biya ƙarin kuɗi ga wanda kayansa suka yi kyau, a nuna wa ɗayan fatar tasa da ramin wuƙar a jiki. Gishirin ma majemar ce ya kamata ta bayar tun kafin Sallah, don mai tarawa da ke sayensa da kuɗinsa yana tsimin zubawa, wani lokaci har ya sake amfani da wanda ya riga ya sha jini, kuma tsohon gishiri shi ke bar wa fata jajayen tabon da rini ba ya rufewa.